Doki ɗaya, masu shi biyar: abin da ya faru da wata ƙungiyar hawa ta dangi a Gombe

Asalin lamarin

Gidan da ake magana a kai babban gida ne a cikin tsohon garin Gombe, irin gidan nan mai zaure ɗaya da sassa da yawa, 'yan uwa maza biyar kowa da iyalinsa, ga kuma ƙanwar mahaifinsu da kowa ke kira Goggo tana zaune a nata sashen daga can ƙurya. Mahaifinsu, Allah ya jiƙansa, yana cikin masu hawa bayan hakimi duk sallah, kuma a Gombe wannan ba ƙaramin abu ba ne, don masarautar da Buba Yero ya kafa tun 1804 da doki aka san ta, kuma har yau yaro a garin nan ya fi tuna ranar hawa a kan ranar da aka ɗinka masa kayan sallah. Da tsohon ya rasu dokinsa bai daɗe ba shi ma ya bi shi, sai turke ya zauna haka nan a tsakar gida ana ɗaure raguna, sirdi da likkafa da jalala kuma aka tura su cikin wani ɗaki da ake ajiye tarkace.

Shekaru ana haka, duk sallah samarin gidan sai sun je haya, kuma wanda ya taɓa hayar doki ranar sallah ya san irin wulaƙancin da ke ciki, ka biya kuɗi tun azumi amma ranar hawa a miƙo maka wanda kowa ya ƙi. A 2020 korona ta sa aka dakatar da hawa a garuruwa da yawa na Arewa, kuma a wannan zaman shirun ne maganar ta taso a zaure cewa me zai hana a haɗa kuɗi a sayi na gida. Maganar ta yi ta yawo har shekara guda kafin ta zama gaske.

Nuwamba 2021: an sayo doki

Bayan an gama girbi suka kafa abin da suka kira ƙungiyar hawa ta gida, babban wansu da ake kira Baffa shugaba, ƙaninsa na uku ma'aji, aka buɗe guruf a WhatsApp, kowane sashe zai riƙa ba da kuɗin wata daidai da na ɗan uwansa. Ta hannun wani dillali aka samo ingarma bikili, wani tsoho da ya san dawaki ya buɗe bakinsa ya duba haƙora ya ce zai kai shekara 7, ya ɗaga ƙafafu ya duba kofato ya ce lafiya ƙalau. Aka kafa rumfar kwano a kan tsohon turken, aka yanka durom gida biyu, rabi na ruwa rabi na abinci.

Abin da aka rubuta a littafin ma'aji ranar shi ne kuɗin doki, kuɗin mota, kuɗin rumfa, da sunayen waɗanda za su hau a sallah bi da bi. Ba a rubuta wanda zai riƙa ba shi abinci ba, kowa ya ɗauka ai wannan ba abin rubutawa ba ne tunda gida cike yake da mutane.

Disamba 2021 zuwa Afrilu 2022: alamun farko

Watannin farko dai murna ce kawai. Dokin ya shigo da hankalinsa, yaro ɗan shekara 10 ma yana jan ragamarsa. Cikin sati biyu ya gane ƙarar kowane kwano a gidan, idan aka buga na wanke-wanke ko kunne ba ya ɗagawa amma da Goggo ta taɓa ƙwaryar dusarta daga can ƙurya sai haniniya ta tashi har maƙwabta su ji. Ya cinye malafar wani baƙo da ya rataye ta a jikin rumfa ya shiga gaisuwa, mutumin ya fito ya tarar da igiyar kawai tana lilo. Ya koyi kwance ƙullin ragama da leɓe, wata rana da asuba aka same shi tsaye a sashen amaryar gidan ya gama da zogalen da ta shanya a tabarma yana jiran ƙari. Mashin ɗin ma'aji kuwa ya zama wurin susar gindinsa, sau biyu yana kayar da shi madubi na fashewa.

Duk wannan dariya ake yi ana ɗaukar bidiyo ana turawa guruf. Sai dai zuwa Fabrairu jikinsa ya fara canzawa, wuya ya yi kauri, haƙarƙari ya ɓace har ba a jin sa da hannu, mutanen gida na cewa masha Allah doki ya karɓi gida. Hali ma ya canza, ya fara kai cizo idan an zo ɗaura majayi, ya fara tutsu, kuma fitar da ake yi da shi kullum a watan farko ta koma ranar Juma'a kawai, da azumi ya shigo a Afrilu ma aka daina gaba ɗaya saboda zafi da gajiya. Wata guda cur yana tsaye a turke yana ci.

Ƙaramar sallah ta faɗo 2 ga Mayu 2022. Ranar hawa aka yi masa ado, babban ɗan Baffa ya sha rawani ya hau, yara na biye ana kiɗa, sun fita layi kenan ba su kai babban titi ba Goggo ta fito ƙofar baya da ƙwaryarta za ta zuba wa awaki. Dokin ya ji. Ya juya da mahayi da rawani da komai, ya ratsa ta lungu a guje, ya tsaya cak a gaban Goggo ya sa baki a ƙwarya, mahayin kuma ya zame ta wuya ya sauka a kan tarin yashi. Allah ya tsare bai karye ba, gwiwar hannu ce ta goge. Ranar dai gidan ba su je hawa ba.

Mayu zuwa Yuli 2022: abubuwan da aka gwada

Mitin na farko bayan sallah an tashi a kan cewa dokin ya raina mutane ne, don haka aka sayo linzami mai tsanani aka kuma ɗauko wani mai horon dawaki ya yi sati biyu yana zuwa da bulala. A hannunsa dokin na tafiya daidai don mutumin na fita da shi ya gajiyar da shi, yana daina zuwa komai ya dawo, ƙari ma yanzu gefen bakinsa ya tsage kuma da ya hango linzami sai ya ɗaga kai sama inda hannu ba ya kaiwa.

Wasu a gidan suka ce baki ne, doki mai kyau irin wannan an yi ta yaɗa bidiyonsa. Aka yi addu'o'i aka yi hayaƙi aka daina tura hotuna. Hankalin mutanen gida ya kwanta amma cizo da tutsu suna nan. Wani maƙwabci ya ba da shawarar a ƙara masa kanwa a rage masa ruwa wai ruwa ne ke sa shi nauyi, aka bi wannan ma na ɗan lokaci.

Sai ma'aji ya kawo tsarin da kowa ya yaba, a raba kula da dokin sati-sati, kowane sashe da satinsa, ya kuma rubuta jadawalin ya tura guruf. A takarda abin ya yi kyau. A aikace abin da ya faru shi ne satin Baffa gero ake ba shi, satin na biyu masara, na uku dusa da ragowar tuwo, na huɗu da yake yana kiwon kaji sai ya riƙa ɗebo masa abincin kaji don ya ga yana so, kuma waɗanda ba satinsu ba ne ba su daina leƙawa da ɗan abu a kwano ba, don kowa na so idan ya shigo gida dokin ya yi masa haniniya a gaban 'yan uwansa.

Agusta 2022: daren ciwon ciki

Wani dare a tsakiyar damina, wajen ƙarfe 11, ɗan autan sashe na biyu wanda lokacin yana aji biyar a sakandare ya ji ƙarar durom ya fito da tocilan. Ya tarar da dokin ya jiƙe sharkaf da gumi, yana tona ƙasa da ƙafar gaba, yana waiwayen cikinsa, ya kwanta ya yi birgima ya miƙe ya sake kwanciya, abincin yamma na nan bai taɓa ba, kuma da yaron ya haska ƙasa babu kashi ko ɗaya tun wanda aka share da rana. Ya buga ƙofar mahaifinsa, cikin minti kaɗan gidan duka ya fito.

Wani ya kawo man gyaɗa a kwalba za a ɗaga kan dokin a ɗura masa. Yaron ne ya riƙe kwalbar ya ce, "Baffa don Allah a bari a kira likita tukuna." Likitan dabbobin da aka samu a waya abu na farko da ya faɗa shi ne kada a ɗura masa komai ta baki, don idan ya shaƙe man zai wuce huhu ne kuma wannan ya fi ciwon cikin haɗari, a kwashe abinci daga gabansa, a riƙa jan sa a hankali yana tafiya har ya iso. Haka aka yi ta zagaya tsakar gida da shi cikin yayyafi, Goggo na tsaye a bakin rumfa da mayafi tana ta salati ba ta ko zauna ba.

Likitan ya zo ya saurari cikin, ya duba dasashi, ya ƙirga bugun zuciya, ya yi allurar rage ciwo, sannan ya zura roba ta hanci har ciki ya ba shi ruwa da man da ke sassauta hanji. Ya yi musu bayani cewa doki ba ya iya amai, abin da ya shiga sai dai ya wuce ta baya, tumbinsa kuma ƙarami ne idan aka kwatanta da girman jikinsa, an halicce shi ne ya yi ta tsinkar ciyawa kaɗan-kaɗan yini guda. Gab da asuba dokin ya yi kashi, kuma wallahi ban taɓa jin gidan da aka yi wa kashin dabba hamdala irin ta ranar ba, har da masu kiran waya su sanar da 'yan uwa na nesa.

Da gari ya waye likitan ya dawo da ma'auni, ya ce kowane sashe ya kawo daidai abin da ya ba dokin jiya, a kwanon da ya ba shi. Da farko aka yi shiru ana kallon juna. Baffa ne ya fara kawo nasa, sai na biyu, sai na uku, can sai ga Goggo da ƙwarya biyu ta ce ɗaya ta safe ɗaya ta dare. Da aka haɗa aka auna hatsi da dusa sun haura kilo 6 a yini ɗaya. Ya zagaya ƙirjin dokin da tef ya ƙiyasta nauyinsa wajen kilo 300, ya ce dabba mai wannan nauyi abin da take buƙata shi ne harawa da busasshiyar ciyawa kilo 5 zuwa 6 a yini, hatsi kuwa ɗan kaɗan ne gwargwadon aikin da take yi, kuma wannan ba ya aikin komai. Abincin kaji ya ce a daina ko da wasa, don akwai wanda ake haɗawa da maganin da kaza ke ɗauka lafiya amma yana kashe doki. Rage ruwan da aka yi kuma shi ne ya taimaka wa hanjin ya toshe.

Satumba 2022: hannu ɗaya

A mitin da ya biyo baya aka soke jadawalin sati-sati, aka ɗora abinci a hannun mutum ɗaya, wato yaron nan da ya fito da tocilan, aka sa masa ɗan alawus daga asusu. Aka shafa baƙin fenti a bangon rumfa ya zama allo, kullum yana rubuta da alli abin da aka ba da, ƙarfe nawa, da sau nawa dokin ya yi kashi. Hatsi aka riƙa rage shi a hankali cikin kwana 10 don likita ya ce canjin abinci farat ɗaya shi ma yana kawo ciwon, har ya tsaya a kan kilo ɗaya a yini an raba biyu. Ruwa kuma ba ya yankewa a durom, lokacin zafin Maris da Afrilu yana shan lita 30 zuwa 40.

Inda aka daɗe ana ja shi ne maganar Goggo. Wasu suka ce a hana kowa har da ita, ta ce ita dokin yayanta take gani a turken nan kuma ba wanda zai hana ta ba shi abu da hannunta. Mafitar daga yaron ta fito, kullum da safe idan ya auna na yini sai ya ɗebi rabon yamma ya kai mata ɗaki, ita ce za ta ba shi bayan la'asar a ƙwaryarta. Ma'aunin bai ƙaru da ƙwaya ɗaya ba, haniniyarta kuma tana nan. Sauran masu son a gaishe su aka ce su zo da buroshi su goge masa jiki, ko su ɗebi harawa daga cikin wadda aka riga aka auna.

Jadawalin da aka soke na abinci sai aka mayar da shi na kilisa, kullum bayan asuba wani zai fita da shi na minti 40 zuwa awa ɗaya, tafiya da ɗan sassarfa, sukuwa sai ranar Asabar a fili. Aka mayar da tsohon linzami mai sauƙi. Aka shiga ba da maganin tsutsar ciki a kan lokacin da likita ya tsara, allurar tetanus, gyaran kofato duk sati 6 zuwa 8, cire kaska, da hayaƙi a rumfa da magariba lokacin damina saboda ƙananan ƙwarin da ke yaɗa cutar dawaki. Zuwa Disamba ana jin haƙarƙarinsa da tafin hannu ba tare da an gan su ba, cizo ya tsaya, tutsu ya ragu sosai.

2023: matsalar kuɗi

Wannan shekarar ba dokin ne ya kawo matsala ba. Ba a sayi harawa da kaka ba, ana saye dami-dami, sai ga ƙarancin takardun naira a farkon shekara kuma masu kawo harawa daga ƙauye ba sa karɓar taransifa. Aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, kuɗin mota da na hatsi suka tashi, sassa biyu suka kasa biyan kuɗin wata, aka fara jin maganar a sayar kawai a huta.

Don a cike giɓin aka yarda a riƙa ba da shi haya ga masu hawan angwanci. Sau uku aka bayar. A na ukun ya dawo da dare da ciwo a gadon baya inda sirdin da ba nasa ba ya goge shi, baki na jini, ƙafa na ɗingishi don an yi ta sukuwa da shi a kan kwalta. Jinya ta ci sati 6, kuɗin magani ya haura abin da hayar ta kawo, babbar sallah ta 28 ga Yuni ta wuce yana tsaye a rumfa ana shafa masa magani. Aka rubuta a littafi cewa an daina haya.

Abin da ya ɗaga asusun shi ne canza yadda ake biya. Huɗu daga cikin 'yan uwan suna noma, to a Oktoba da Nuwamba wanda ba shi da kuɗi sai ya kawo harawar gyaɗa ko ta wake daga gonarsa a ƙiyasta a rubuta masa. Aka ɗaga rumbu a kan katako nesa da ƙasa aka rufe sama, don harawar da ta yi fumfuna guba ce ga doki. Takin da ake sharewa kullum wani mai lambu ya riƙa ɗauka yana kawo ɗanyar ciyawa a madadi. Ranar Asabar da yamma kuma yaran unguwa na zuwa a ɗora su ana riƙe da ragama suna zagaya fili, iyaye na ba da abin da ya sauƙaƙa, kuma 'yan matan gidan da da can kallo kawai suke yi a nan suka fara hawa.

2024 zuwa yanzu

Ƙaramar sallah ta 10 ga Afrilu 2024 dokin ya fita hawa ya dawo lafiya da mahayinsa a kai. An dai ɗauki mataki ɗaya, an roƙi Goggo kada ta taɓa ƙwarya sai sun yi nisa, ta yi dariya ta ce ta ji.

Babbar sallah ta 16 ga Yuni ta zo da wani abu da ba wanda ya yi tsammani. Akwai ragon layya da aka ɗaure kusa da rumfa wata uku, ashe sun shaƙu, ragon na kwana a gindinsa yana tsintar abin da ya zubo. Da aka yanka shi dokin ya yi kwana biyu yana kiran sa yana barin abinci, aka tsorata aka kira likita, ya duba ya ce cikinsa lafiya, kewa ce, doki dabbar garke ce ba ta son zama ita kaɗai. Goggo ta ba da akuya ɗaya daga cikin nata da sharaɗin ba ta yanka ba ce ba ta sayarwa ba ce, aka rubuta hakan a littafin ma'aji. Tun daren Agusta 2022 ciwon ciki bai dawo ba.

Abin da lamarin ya nuna

A ganina duk abin da aka gwada tsakanin Mayu da Yuli 2022 ya faɗi ne don an nemi laifin a jikin dokin, alhali dabbar da ake cusa wa hatsi kilo 6 tana tsaye wuri ɗaya dole ƙarfin ya nemi hanyar fita, ta cizo ko ta tutsu ko ta hanji. Mai horo ya yi kamar ya yi nasara ne kawai don yana fitar da shi yana motsa jiki, bulalar ba ta ƙara komai ba sai tsoron linzami. Jadawalin sati-sati kuwa adalci ne tsakanin 'yan uwa amma cikin doki ba ya son canji, shi ya sa rabon ya yi amfani da aka mayar da shi kan kilisa, inda yawan mutane ke taimakawa.

Abin da na fi jinjina wa gidan shi ne yadda suka bi da Goggo. Da an hana ta da ƙarfi na tabbata da ta ci gaba da bayarwa a ɓoye, kuma da allon bango ya zama ƙarya tun satin farko. Haya kuma ban ga ranar da za ta yi wa mai doki ɗaya riba ba, tunda wanda ya biya na yini ɗaya ba shi ne zai yi jinyar bayan ba.

Akwai abubuwa biyu da har yanzu ba a warware ba. Likita ya nace yara su riƙa sa hular kwano idan za su hau, an sayi guda biyu, ƙanana na sawa amma samari sun ƙi wai ba ta shiga da rawani. Yaron da ke riƙe da ma'auni kuma ya samu gurbin karatu a wajen jihar, ya fara koya wa ƙanwarsa da wani ɗan baffansa, kuma mitin na gaba ne zai yanke wanda za a miƙa wa allin a cikinsu.